Malejin da Ya Yi wa Direba Sharri

Alhaji bai zargi motar ba, direban ya zarga. Bas ce Toyota Hiace tsohuwar ƙira mai shan gas, mai injin 5L na lita 3, tana jigila tsakanin Kano da Kaduna. Kuɗin mai ya tashi, balas ya ragu, da ya leƙa maleji kuma sai ya ga kilomitocin da suka hau sun zarce sawun da aka ce masa an yi. A ganinsa magana ta fito fili, yaron nan sawu yake sata. Direba ya rantse da girman Allah bai taɓa ƙara ko Kwanar Ɗangora ba. Abin da ya sani kawai, motar ta koma ihu a kan kwalta kamar ana tafiya a giya ta huɗu, alhali tana ta biyar.

Garejin farko suka ce nozul ne, aka kwance aka gyara. Na biyu suka ce injekta, aka kai aka saita. Kuɗi ya tafi, ihu yana nan. Ni dai tun nan nake ganin an yi garaje, don nozul ko injektar da ta lalace takan nuna kanta a salansa, ita kuwa wannan ba ta baƙin hayaƙi, da safe ma bugu ɗaya take tashi.

Sai aka dangana da wani dattijon bakanike wanda ya fi yawan tambaya a kan taɓa sifana. Da farko ya kawo zancen kuloci, tunda kulocin da ya cinye yakan sa inji ya yi ta kuka mota ba ta gaba. Ya tambayi direba yadda take yi a hawa da cikakken lodi.

"Wallahi Baba, hawa kam ta fi da. Inda nake sauko da giya, yanzu a haka take haurewa."

Kuloci ya fita ke nan, domin mai sulɓi a hawa asirinsa yake tonuwa. Ya duba lambar tayoyi, ko an sa ƙanana, ya tarar irin na da ne. Ya ce a hau titi. Allurar gudu ta kai 120, amma motocin da ba su isa su ga ƙurarta ba suna ta wuce su. Yaronsa ya buɗe taswirar waya, ta nuna 101.

Dattijo ya ce a tsaya. A irin wannan ƙirar, maleji ba taya yake ƙirgawa ba, daga bayan giyabos yake ɗaukar lissafi, wato juyin farfela. Idan ya yi ƙari, to tsakanin farfela da taya wani abu ya canja.

"Alhaji, an taɓa aksil ɗin baya?"

"Af, wannan ai tsohon zance ne. Ya yi ta kuka har ya ci haƙora, na sayo ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa aka ɗaura. Lafiyarsa ƙalau."

Lafiyarsa ƙalau ɗin kuwa, mai kaya bai cuci kowa ba. Ramukan ƙusa sun yi daidai, ya zauna daram, shi ya sa ba wanda ya kawo shi a rai.

Aka kawo jak aka ɗaga tayar baya guda, ɗayar tana ƙasa, aka tokare na gaba, giya a firi, burkin hannu a sake. Dattijo ya ja layin alli a jikin taya, ya ja wani a farfela. Ya ce yaro ya juya tayar sau 2 cif, saboda in taya ɗaya tana ƙasa, juyi biyu na wadda ke sama shi ne juyi ɗaya na babban faifan da ke cikin aksil. Shi kuma ya kwanta a kan kwali yana ƙirga allin farfela da yatsa. Ya wuce sau huɗu, bai tsaya ba, saura ƙiris ya cika na biyar.

Ya sa aka ɗauko tsohon aksil ɗin da aka jefar a bayan gida, aka wanke da kananzir aka ƙirga. Faifan haƙora 41, ƙaramin da farfela ke juyawa 10, in ka raba ka sami 4.10. Na jikin mota da aka buɗe, 39 da 8, wato 4.88. Kafin taya ta juya sau ɗaya, da farfela na juyi huɗu da ɗan ɗoriya, yanzu sai ta kusan biyar. Bambancin kashi 19 cikin 100 ne. Gudun da inji ke yi a juyi 3,000 a minti ya koma neman kusan 3,570, inda injin gas ya tsani zama, don shi ƙarfinsa a ƙasa yake. Daga nan ihun yake, daga nan shan man. Ƙarfin hawa kuma kamar keke mai giya ne, ka sa sarƙa a babban faifan baya, tudu ya yi sauƙi amma ƙafa ta yi ta wulwulawa. Maleji kuwa duk kilomita 100 na gaskiya 119 yake rubutawa. Sawun satar da Alhaji ya gani ke nan.

Alhaji ya so a sauya ƙaramin haƙorin kaɗai a huta. Dattijo ya hana, su biyun tare ake ƙera su, tare ake sauya su, kuma sai an saita tazarar haɗuwarsu, in ba haka ba kukan da ya kashe na farko zai dawo. Ya ƙara da cewa Allah ya taimaka ba mai jan ƙafa huɗu ba ce, da sai gaba da baya sun riƙa ja-in-ja in aka sa ta. Suka koma kasuwa tare, dattijo ya ƙirga 41 da 10 da hannunsa kafin a biya. Mai 39 da 8 ɗin wani mai dakon buhunan hatsi a hanyar ƙauye ya saye shi, don shi kilomita 120 a awa ba ta gabansa.