Icce Tun Yana Ɗanye: Kuɗin Tikiti da Makomar Magoya Bayan Ƙwallon Ƙafa

Ranar 6 ga Fabrairun 2016, Liverpool tana gaban Sunderland da ci biyu da nema a filinta na Anfield. Agogo na kaiwa minti na 77, sai aka ga jama'a suna miƙewa daga kujerunsu suna nufar ƙofa. Kimanin mutum 10,000 ne suka fice alhali ƙungiyarsu ce ke cin wasa. Abin da ya fusata su shi ne shirin masu kulob ɗin na mayar da tikiti mafi tsada fam 77 a kaka mai zuwa. Kafin a tashi Sunderland ta farke ƙwallayen biyu, kuma ba a yi mako guda ba masu kulob ɗin suka ba da haƙuri a rubuce, suka janye ƙarin.

Yawancin waɗanda suka fita ranar suna da halin biyan kuɗin ko da da ƙyar ne. Tsoronsu shi ne 'ya'yansu da ƙannensu ba za su iya ba. Kowane mai goyon baya na haƙiƙa yana iya gaya maka wanda ya fara riƙe hannunsa ya kai shi fili, ko uba, ko kawu, ko yayansa. Idan tsada ta yanke wannan igiya, ƙungiya za ta ci riba yau, amma bayan shekara ashirin za ta nemi masu rera mata waƙa ta rasa.

Yadda Ingila ta tsufar da 'yan kallonta

Kafin 1989, galibin matasan Ingila a tsaye suke kallon wasa, a bayan raga, inda kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Yaro zai tara 'yan canjinsa, ya biya a bakin ƙofa, ya tsaya kusa da abokansa. Ranar 15 ga Afrilun 1989 aka yi turmutsutsu a filin Hillsborough da ke birnin Sheffield, wanda ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Binciken da Mai Shari'a Taylor ya jagoranta ya ɗora babban laifin a kan gazawar 'yan sanda wajen sarrafa taron, amma ya kuma ba da shawarar a mayar da manyan filaye na zama zalla. Zuwa 1994 an cire wuraren tsayuwa daga filayen manyan ƙungiyoyi.

Filaye sun yi kyau, tsaro ya inganta, sai dai kujera ta fi wurin tsayuwa cin fili, saboda haka adadin masu shiga ya ragu, farashi ya hau. A daidai lokacin kuma, a 1992, aka kafa gasar Firimiya, kuɗin talabijin ya fara kwarara. Mai hankali zai ɗauka cewa tunda ga wata hanyar samun kuɗi, za a sassauta wa mai zuwa fili. Ba haka aka yi ba. Yarjejeniyar nuna wasa ta cikin gida ta 2016 zuwa 2019 ta haura fam biliyan 5, kuma wani bincike da BBC ta yi ya nuna cewa a kakar 2016/17 fiye da rabin ƙungiyoyin Firimiya za su iya buga wasanninsu ba ɗan kallo ko ɗaya, su kuma ci riba. Duk da haka, da kafar ta tambayi matasa masu shekara 18 zuwa 24 a 2017, kashi 82 cikin ɗari suka ce tsadar tikiti na hana su zuwa kallo yadda suke so.

Akwai wata matsalar bayan tsada. Mafi yawan kujeru suna hannun masu tikitin kaka guda, waɗanda suke sabunta shi duk shekara har tsufa. Ɗan abin da ya rage kuma sai a sayar wa baƙo mai yawon buɗe ido, domin shi zai sayi riga da hula da abinci a rana ɗaya. Matashin unguwar da filin yake cikinta sai ya ƙare a gaban talabijin. A ƙarshen 2024 Manchester United ta mayar da sauran tikitinta na kakar fam 66, ta soke rangwamen yara da tsofaffi a kansu. A lokacin, uban da zai je da 'ya'ya biyu ke nan sai ya ajiye kusan fam 200 kafin a yi maganar kuɗin mota.

Abin da Jamus ta riƙe

Jamusawa sun bi wata hanya dabam. A 1998, da aka ba ƙungiyoyi damar karɓar masu zuba jari, sai aka gindaya sharaɗin da ake kira 50+1: dole rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun mambobin ƙungiya, wato magoya bayan da suke biyan kuɗin rajista duk shekara. Ban da 'yan tsiraru irin su Bayer Leverkusen da Wolfsburg da suka taso a hannun kamfanoni, attajiri ba ya sayen kulob ya yi yadda ya ga dama. Shugaban da ya tsawwala farashi ya san zai haɗu da mutanen nan a babban taro, kuma ƙuri'a a hannunsu take.

Na biyu, ba su rushe wuraren tsayuwa ba, gyara su suka yi. Filin Borussia Dortmund yana cin mutum sama da 81,000, kuma kusan 25,000 daga ciki a tsaye suke a ɓangaren kudu, wanda ake yi wa laƙabi da Katangar Rawaya saboda launin rigunan da ke cika shi. Tikitin wurin bai cika kaiwa yuro 20 ba. A yawancin biranen Jamus kuma, tikitin wasa shi ne tikitin jirgin ƙasa da bas na cikin gari a ranar, don haka ɗalibi ba ya lissafin kuɗin mota.

Ba kyautatawar shugabanni kaɗai ta kawo wannan ba. A 2010 magoya bayan Dortmund da dama sun ƙaurace wa wasan hamayya a gidan Schalke saboda an kai tikitin tsayuwa sama da yuro 20. A Fabrairun 2024 magoya baya a faɗin ƙasar sun yi ta jefa ƙwallayen tanis cikin fili suna tsayar da wasanni, har sai da hukumar gasar ta fasa shirin sayar wa wani kamfanin jari kaso na kuɗin talabijin.

To ina kulob yake samun kuɗi in ya sayar da araha? Daga sama. Akwai ɗakunan alfarma da kujerun manyan baƙi da kamfanoni suke biya da tsada, su ne suke ɗauke nauyin mai tsayuwa. Kuma abin da ke jawo attajirin da kamfanin talabijin ɗin shi ne sowa da kiɗa da tutocin masu tikitin araha. Annobar korona ta tabbatar da haka a 2020: da aka koma wasa a filaye fayau, sai da gidajen talabijin suka riƙa sa muryoyin 'yan kallo na naɗe don kada wasan ya yi lami.

Kyauta, amma da lissafi

Fortuna Düsseldorf, wadda a lokacin take rukuni na biyu a Jamus, ta ƙara gaba. A 2023 ta ƙaddamar da shirin buɗe wasu wasanninta na gida kyauta, masu ɗaukar nauyi su biya gurbin kuɗin ƙofa. A wasan farko, da Kaiserslautern a watan Oktoba, buƙatun tikiti sun kai kusan 120,000, ninki biyu na abin da filin yake ci. An zura mata uku, ta farke, ta ci huɗu da uku. Yaron da ya fara shiga fili a wannan rana da wuya ya manta da ita.

A Ingila ma akwai misali. Bradford City da ta faɗa rukuni na huɗu a 2007, sai ta karya farashin tikitin kaka zuwa fam 138, ta sayar da kusan 12,000, ta fi kowa yawan 'yan kallo a rukunin. A sama kuma, wata guda bayan ficewar magoya bayan Liverpool, ƙungiyoyin Firimiya sun amince kada tikitin baƙi masu bin ƙungiyarsu waje ya wuce fam 30. A Janairun 2022 aka dawo da tsayuwa a wasu filaye, da shingen ƙarfe a kowane layi don kada a danne juna.

Shin matasa sun gaji da ƙwallo ne?

Lokacin da manyan ƙungiyoyi 12 suka yi yunƙurin kafa gasar Super League a Afrilun 2021, shugaban Real Madrid, Florentino Pérez, ya kafa hujja da cewa matasa sun daina sha'awar ƙwallo, har ya kawo shawarar a rage tsawon wasa. Shirin bai kwana uku ba ya wargaje, kuma matasan da aka ce ba su damu ba suna cikin waɗanda suka cika tituna suna zanga-zanga. Shekara biyu bayan haka, gasar 'yan bakwai-bakwai da Gerard Piqué ya ƙirƙiro, wadda ake nunawa kyauta a intanet, ta tara mutum sama da 90,000 a filin Camp Nou. Sha'awa tana nan daram. Matashi yana zuwa inda aljihunsa zai kai, inda zai zauna da abokansa, inda kuma ake yi da shi.

Daga waɗannan misalai ana iya tsamo matakai. A yi farashi hawa-hawa, kada yaro ya cika shekara 18 a ɗora masa kuɗin magidanci alhali ko aiki bai samu ba. A ware wani yanki na fili ga matasa, inda za su shiga a ƙungiyance. A bar mai tikitin kaka ya mayar da kujerarsa ranar da ba zai zo ba, a sayar wa wani a farashinta na asali, don a toshe kasuwar 'yan bayan fage. A ba da damar biya kaɗan-kaɗan. 'Yan wasa su riƙa zuwa makarantu. A kuma saki gajerun bidiyon ƙwallaye a waya kyauta, domin a nan yaron yau yake fara ganin kulob kafin ya san hanyar fili.

Mu kuma a gida

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce, tunda tikitin gasar Najeriya ba shi da tsada. Gaskiya ne, amma ciwon iri ɗaya ne ta wata fuskar. Shiga kowane gidan kallo a Kano ko Kaduna ko Jos ranar Asabar, za ka tarar da samari sun biya kuɗi sun cika benci, suna musu a kan Arsenal da Chelsea da Barcelona kamar gadon gidansu. Da yawansu ba su taɓa taka filin garinsu ba.

Ba kuma tarihi muka rasa ba. Kano Pillars, Sai Masu Gida, ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Plateau United ta ɗauka a 2017, El-Kanemi Warriors ta ci kofin ƙalubale a 2024. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana cikin waɗanda suka fi cika a ƙasar nan. Dawowar Ahmed Musa gida, da daɗewar Rabi'u Ali yana taka leda a kulob ɗaya, sun nuna cewa muna da gwanayen da yaro zai iya gani ido da ido.

Tsadar da ke hana uba kai ɗansa fili a nan ba a rubuce take a jikin tikiti ba. Tana cikin turereniyar bakin ƙofa, da fargabar jifa in an ci masu gida, da hayaƙi mai sa hawaye, da rashin ruwan sha da makewayi, da rashin wurin da mace za ta zauna cikin mutunci. Sannan tunda yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, ba su dogara da ɗan kallo ba, don haka ba su cika neman sanin ko shi wane ne ba. Buɗe ƙofa kyauta ranar babban wasa ba tare da ƙidaya ba yana kawo cunkoso ne kawai. Fortuna da ta ba da kyauta, kowa sai da ya yi rajista aka ba shi tikiti, kulob ya san sunansa, zai kuma neme shi gobe.

Gyaran nan ba ya buƙatar biliyoyi. Ƙofa ta musamman ga yara da iyalai, katin mamba mai sauƙin kuɗi da zai ba mai shi damar faɗin albarkacin bakinsa, gayyatar makarantun firamare da sakandare bi da bi, sanya lokacin wasa inda ba zai yi karo da manyan wasannin Turai ba, da hukunta mai jifa komai kusancinsa da shugabanni: duk waɗannan suna cikin ikon kowace hukumar kulob.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya kai shekara talatin yana goyon bayan wata ƙungiya ba ya sauya ta, don haka duk kulob ɗin da bai kama yaro yana ɗan shekara goma ba ya rasa shi ke nan. Shugabannin ƙungiyoyi, ku sauƙaƙa ƙofa, ku tsare ta. Iyaye da yayye kuma, duk ranar da kuka ga fili ya zama wurin da hankali zai kwanta, ku riƙo hannun yaro ku je da shi.