Harsashi da maiƙo: wanne ke buƙata, wanne ba ruwansa?

A Amurka, maharba da yawa ba sa yar da kwanson harsashi bayan sun yi harbi. Sukan tsince shi su kai gida su sake cika shi, don dokar tarayya a can ta yarda mutum ya yi wa kansa hakan muddin ba sayarwa zai yi ba. Sabon shiga a wannan harka ba ya daɗewa sai ya yi tambaya: shin dole ne a shafa wa kan harsashi maiƙo? Ni amsata ita ce, a fara duba da me aka yi kan.

Idan na dalma ne zalla, babu makawa sai da maiƙo. Dalma ƙarfe ne mai laushi, tana narkewa a zafin digiri 327 kacal. Yayin da take gudu a cikin bututun bindiga, zafi da gogayya kan sa ta riƙa barin saura a jikin bututun, kamar yadda ƙanzo ke kama gindin tukunya. Da sauran ya taru, saiti ya lalace. Shi ya sa in ka ɗauki irin wannan kan ka juya shi a tafin hannu, za ka ga zobba an ƙwaƙule a kewayen ƙugunsa, an cike su da wani abu mai danƙo, wani shuɗi, wani ja. Mutanen da can, kakin zuma da kitse suke haɗawa. Har harsashin da hafsan sojan Faransa Minié ya fito da shi a 1849 yana da waɗannan zobba.

Kada a raina wannan ɗan kitse, domin ya taɓa girgiza daula. Bindigar Enfield ta 1853 da Turawan Ingila suka kawo wa sojojinsu na Indiya tana da harsashi a naɗe cikin takarda mai maiƙo, kuma sai soja ya yage ta da haƙori kafin ya ɗura. Sai magana ta bazu cewa kitsen saniya da na alade ne. Mabiya addinin Hindu suka ƙi, Musulmi ma suka ƙi, abin ya zama ɗaya daga cikin dalilan tawayen da ya ɓarke a Meerut a watan Mayun 1857.

Amma yawancin harsasan bindigar zamani labarinsu daban. Tun 1882 wani hafsan sojan Suwizalan, Eduard Rubin, ya lulluɓe dalma da rigar ƙarfe mai tauri. Yau rigar galibi ta jan ƙarfe ce, wanda sai zafi ya haura digiri 1,000 yake narkewa. Dalmar ba ta taɓa bututun, saboda haka shafa mata maiƙo aikin banza ne.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne kwanso. Kwanson yakan kumbura bayan harbi, kuma sai an ɗan shafa masa mai kafin a matse shi ya koma girmansa, in ba haka ba ya maƙale a na'urar da ake matse shi da ita. To amma ana gamawa sai a goge shi tas. Kwanso mai santsi ba ya riƙe bangon ɗakin harsashi lokacin fashewa, ƙarfin sai ya koma baya, wajen da fuskar maharbi take.

Mai karatu, wannan bayani don sani ne. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba, kuma wanda aka kama zai fuskanci ɗauri.