Kwamfuta da karatun yara: me ya rage wa makaranta?

A shekarar 1999, wani masani ɗan ƙasar Indiya mai suna Sugata Mitra ya huda bango a wata unguwar talakawa ta birnin New Delhi, ya kafa kwamfuta a ciki, ya bar ta babu mai koyarwa. Ba a jima ba yaran unguwar suka gano yadda ake sarrafa ta, wanda ya iya yana nuna wa ɗan'uwansa. Daga nan wasu suka fara tambaya: idan yaro zai iya koyo da kansa, mene ne amfanin makaranta?

Ƙasar Peru ta ba da wani ɓangare na amsar. Gwamnatinta ta raba wa ƴan firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa. Binciken da aka fitar a 2012, a makarantun karkara 319, ya nuna yaran sun ƙware da na'urar, amma karatunsu da lissafinsu ba su ƙaru ba. Na'ura ta shiga aji, yadda ake koyarwa kuwa bai sake ba.

A nan Nijar an ga wani darasi. A 2009 da 2010, a ƙauyukan Dosso da Zinder, an haɗa darussan yaƙi da jahilci da koyon aiki da salula. Manyan da suka koyi aika saƙo sun fi sauran ƙoƙari a rubutu da lissafi, domin malami yana nan, kuma sun sami dalilin yin rubutu ko bayan an tashi daga aji.

Ashe kwamfuta tana kawo bayani da yawa, amma ba ta tace gaskiya da ƙarya. Saboda haka aikin makaranta ya ƙaru. Ban da hadda, wajibi ne ta koya wa yaro karatu da fahimta, da yin tambaya, da auna abin da ya gani, da aiki tare da ƴan'uwansa.

Ya ku iyaye, ko makarantar garinku ba ta da lantarki, kada ku cire yaro, musamman ɗiya mace. Wanda bai iya karatu ba, kwamfuta ba za ta amfane shi sosai ba. Ku riƙa tambayarsa abin da ya koya, ku ziyarci malaminsa, ku ma ku ci gaba da naku karatun a gabansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.