Daga ƙurar Bodele zuwa jujin manomi

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Kano ko Damagaram ya san hazo: leɓe ya tsage, a share ɗaki da safe, kafin azahar ƙura ta sake rufe shi. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, wurin gindin wani makeken tafki ne. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar ɓawon ƙananan tsirran ruwa da ƙasusuwan kifi, suka zama farin gari, shi ne iska ke kwasa.

Ba nan kusa ƙurar take tsayawa ba. A 2015 masu bincike na hukumar NASA sun ƙiyasta cewa tan miliyan 27.7 na ƙurar Sahara ke sauka a dajin Amazon duk shekara, ɗauke da fosforas kusan tan 22,000, kwatankwacin abin da ruwan sama ke wankewa daga dajin. Gonakinmu ma suna samun rabonsu. Wato sinadarin da ke jikin kifi ko ganye ba ya ɓacewa, wurin zama kawai yake sakewa.

Makamashi kuwa ba haka yake ba, hanyarsa ɗaya ce. Ganyen gero yana kama ɗan kaɗan daga hasken rana, ya haɗa shi da ruwa da iskar kabon ya yi abinci. Fara ta ci ganyen, ƙadangare ya ci fara, shaho ya sure ƙadangare. A kowane mataki, mafi yawan ƙarfin yana tafiya wajen numfashi da motsi, ya fita a matsayin zafi. Tun bayan aikin Raymond Lindeman na 1942 a kan wani tafki a Amurka, masana ke ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 ne ke haurawa mataki na gaba. Shi ya sa fara ta fi ƙarfin ƙirga, shaho kuwa ɗai-ɗai ne.

Rana tana aiko da sabon makamashi kullum, kyauta. Amma naitrojin da fosforas da aka kwashe daga gona, sai an mayar da su. A ganina, manoman karkarar Kano sun riga littafi gane wannan. Harawa da karmami a kai wa awaki da tumaki, kashinsu ya taru a juji da toka da shara, kafin damina a loda shi a mangala, jaki ya kai gona. Can gara da buzuzu da ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su ƙarasa aikin. Ga kuma gawo, wanda saiwarsa ke jawo naitrojin daga iska, ya kakkaɓe ganyensa da damina daidai lokacin da shuka ke bukata. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka koma barin irin waɗannan itatuwa a gona tun shekarun 1980 sun ga amfaninsa a zangarniya.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne ƙona kara da ciyawa bayan girbi. Wutar tana tura naitrojin da kabon sama cikin hayaƙi, tokar kuma iska ta watsar. Manomi, idan kaka ta yi, ka bar wa ƙasarka karan ko ka ba dabba ta ci, ka dawo wa ƙasar da takin.