Jini da kofuna: tarihin ƙwallon ƙafar Kolombiya

A 1989 ƙungiyar Atlético Nacional ta birnin Medellín ta zama ta farko daga Kolombiya da ta ɗauki kofin Copa Libertadores, da René Higuita a raga, Andrés Escobar kuma a baya.

Sai dai murna ta koma ciki. Kuɗin masu fataucin hodar iblis ya mamaye ƙungiyoyi, kuma a shekarar aka harbe alƙalin wasa Álvaro Ortega, aka soke gasar ƙasar.

A 1994 aka kashe Escobar a Medellín, kwana goma bayan ya ci gida a karawarsu da Amurka a gasar cin kofin duniya.

Sai a 2016 Nacional ta sake ɗaga kofin.