Daren da Ella ta mance baitocin waƙarta a Balin

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa masu barin rediyo a kunne har dare, sau da yawa kukan tambaye mu: don me muke sako waƙa guda yau da muryar wannan, gobe da muryar wancan? Shin mawaƙan jaz ba su da waƙar kansu ne?

To, a kiɗan jaz na baƙar fatar Amurka akwai tsofaffin waƙoƙi da suka zama gadon kowa, akasarinsu daga wasannin dandali da finafinan shekarun 1920 zuwa 1950. Kamar atamfa ce: yadi ɗaya ake sayarwa kowa, a wurin ɗinki ake gane gwani.

Yawancinsu gaɓa 32 gare su, kashi huɗu masu gaɓa takwas-takwas: na farko, a maimaita shi, a shiga wani dabam, sannan a komo na farko. Kafin a soma, mawaƙiya kan gaya wa makaɗa tsayin muryar da ta dace da ita da saurin kiɗan. Ta rera sau ɗaya kowa ya ji, ta ja baya mai piyano ko mai busa ya zuba nasa, ita kuwa tana ƙirga gaɓoɓi a zuci. In ƙirgar ta kuɓuce, ta shigo a inda bai dace ba, an ji kunya. Shi ya sa masu koyo ke fama da riƙon numfashi da sauraron mai ganga. Billie Holiday, wadda ta rasu a 1959, ta shahara da shigowa ɗan bayan kiɗa da gangan, kamar mai magana cikin natsuwa.

Mu ɗauki Ella Fitzgerald. An haife ta a 1917, uwarta ta rasu a 1932, ta sha wahalar maraici a Niyok. A 1934 ta shiga gasar sabbin hannu a dandalin Apollo na unguwar Harlem. Rawa ta je yi, tsoro ya kama ta, sai ta rera waƙa, ta kuma zo ta ɗaya. A 1935 mai ganga Chick Webb ya ɗauke ta cikin ƙungiyarsa. A nan ta yi makarantarta, dare bayan dare gaban masu rawa. Da ya rasu a 1939, ita ta riƙe ƙungiyar har 1942.

Daga baya ta ƙware a salon da ake kira sikat, wato rerawa ba da kalmomi ba, murya ta zama kamar algaita. Louis Armstrong ne ya fito da salon fili a wani faifansa na 1926. Tsakanin 1956 da 1964 kuma ta naɗi faya-fayai takwas na waƙoƙin gado, kowane na mawallafi ko mawallafa dabam, ta soma da na Cole Porter.

A watan Fabrairu na 1960, a birnin Balin na Jamus, tana tsakiyar waƙar Mack the Knife tare da makaɗa huɗu, sai baitoci suka ɓace mata. Ba ta tsaya ba. Nan take ta shiga ƙirƙiro nata, tana yi wa kanta ba'a, har ta kwaikwayi muryar Armstrong. Makaɗan ba su saki kiɗa ba, ita ma ba ta saki ƙirga ba, suka sauka tare. Wannan faifan ya samo mata kyautar Grammy.

Sa'a ce? Mu dai ba mu ga sa'a ba. Shekara 25 ta yi tana sauraron makaɗa kafin wannan dare. Ku da kuka san ciniki kun sani: ranar da lissafi ya rikice gaban mai saye, wadda ta daɗe a rumfa ce ke fita da mutuncinta.

Ella ta rasu a 1996. In kun ji muryarta a rediyo, ku kasa kunne ga mai ganga, ku ji yadda suke tafiya tare. Allah ya ba da kasuwa, sai wani jiƙon.