Ko Kun Sani? Dogon Jak na Motocin Daji

Dogon jak ɗin ƙarfen nan da ake gani ɗaure a bayan motocin shiga daji da sahara, wato Hi-Lift, ya haura shekara ɗari a duniya. Tun 1905 ake ƙera shi a garin Bloomfield na jihar Indiyana a Amurka, kuma an ƙayyade masa nauyin da ya ɗan wuce tan 2.

Babban haɗarinsa yana wajen sauke mota. A lokacin nauyin motar kan koma kan mariƙin, in hannu ya kuɓuce sai ya yi tsalle sama da ƙarfin da zai iya karya muƙamuƙi. Shi ya sa gogaggen direba ke riƙe shi da hannu biyu, ba ya kuma sa kansa tsakanin mariƙin da doguwar sandar.

A kan rairayi gindin jak ɗin nutsewa yake, sai an shimfiɗa masa katako mai faɗi, an kuma tokare tayoyin da ke ƙasa. Shiga ƙarƙashin motar da jak ɗin kaɗai ke riƙe da ita kuwa ganganci ne, domin iska ko ɗan turi na iya karkatar da shi.